Yaba Kyauta Tukwici: Ga Uban Da Ke Fita Da Yaransa



Mu Hausawa muna da rowar yabo idan aka zo kan iyaye maza. Uwa tana da mawaƙa, tana da karin magana, tana da masu wa'azin da ba sa gajiya da tuna mana haƙƙinta, kuma ta cancanci abin da ya fi haka. Shi kuwa uba, in an tashi yaba masa, abu uku ake ƙirgawa: ya ciyar, ya tufatar, ya biya kuɗin makaranta. Daga nan an naɗe tabarma. Duk wani alherin da ya yi bayan waɗannan sai ranar zaman makokinsa ake tono shi, lokacin da ba ya kusa balle ya ji. A wannan mako ina so in saɓa wa wannan ɗabi'a, in yabi wani uba tun yana raye, a kan wani aiki da ba ya cikin lissafin nan: kwasar ƙananan yara a fita da su bayan gari, su wuni suna kallon gonaki da itatuwa da ruwa da duwatsu, a dawo da su gida butu-butu da ƙura.

Uban da nake nufi maigidana ne. Na san ba a san mace da yabon miji a bainar jama'a ba, kuma na san abin da ƙawayena za su ce in sun karanta: wance ta yi wa mijinta talla a jarida, ta aika wa kishiya goron gayyata da hannunta. To, na ji na ɗauka. Sunansa dai ba zai fito daga bakina ba, dama can ban saba kama shi ba. Dalilin da ya sa na kawo zancen gidana wannan shafi shi ne, a Zamfarar yau, fita da yara shan iska ya wuce sha'anin gida ɗaya. Duk uban da ya gwada yin sa sai ya yi karo da tsadar mai, da tsoron hanya, da bakin mutane.

Muna zaune a Damba, bakin Gusau ta wajen hanyar Funtuwa. Matafiyin da ya taso daga Zariya, in ya wuce Tsafe, ya wuce Kwatarkwashi, ya wuce Jami'ar Tarayya, mu zai tarar kafin ya kutsa cikin gari. Unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa da sababbin gine-gine, inda mutum ke fara ɗaga katanga kafin ya aza harsashin ɗaki. Yaranmu uku ne: 'yar fari mai shekara 8, mai bi mata ɗan shekara 5, da auta da bai cika 3 ba. Makon yaro a irin gidajenmu cike yake taf. Litinin zuwa Juma'a boko, da yamma islamiyya, Asabar da Lahadi da safe hadda. Abin da ya saura na lokaci kuwa tsakar gida ce mai siminti, da talabijin in an kawo wuta, da wayar uwa in ba a kawo ba. Ƙofa a garƙame take, domin babu uwar da ke sakin ɗanta ya yi nisa kamar yadda aka sake mu muna yara.

Wata rana da kaka, shekara 3 da suka wuce, wani ɗan'uwa ya kawo mana damin gero daga ƙauye. 'Yar fari ta zare zangarniya ɗaya, ta jujjuya ta, ta tambayi ubanta ko wannan ce masarar da ba ta girma ba. Kowa ya yi dariya ban da shi. Yarinyar da ke shan kunu da fura kusan kullum, a jihar da aka rubuta a lambar motocinta cewa noma ne abin alfaharinta, ba ta san gero a jikin kara ba. Bai ce uffan ba. Asabar ta gaba ya je ya nemi izini wurin malamin hadda, ya ce in dafa abin da ba zai lalace a hanya ba, ya sa tabarma da jarkar ruwa da buta a bayan mota.

Kwatarkwashi muka fara zuwa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga ƙofar gidanmu. Duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya san dutsen, ga shi nan ya tashi tsaye a tsakiyar fili, garin na kwance a gindinsa. Ko da yake a hanyar Tsafe yake, a ƙaramar hukumar Bungudu garin yake, kuma masarauta ce mai zaman kanta. Masu nazarin tsuntsaye sun daɗe da sanin dutsen saboda maiki da aka taɓa samu yana sheƙa a jikinsa, dattawan garin kuma har yanzu suna ba da labarin tsohuwar al'adar kamun maiki. Mu ba mu hau ba, da ƙananan yara ba a hawa. Gindin wata tsamiya muka shimfiɗa tabarma a bakin gari, inda muke hangen mutane suna hangenmu. Yarinyar ta daɗe da ɗaga kai, sannan ta ce, “Baba, wa yag gina wanga dutsi?”

Amsar da ya ba ta ita ce tushen wannan yabo. Ya ce Allah ne ya halicce shi. Uba mai gaggawa a nan zai tsaya, kuma ba a ce ya yi ƙarya ba. Shi sai ya tara ƙasa da hannunsa, ya binne wani ɗan dutse a ciki, ya ɗauko buta ya riƙa tsiyaya ruwa a hankali har ƙasar ta zaizaye ta bar dutsen a tsaye. Ya ce mata haka ruwan sama da iska suka yi shekaru marasa adadi suna kwashe ƙasa mai taushi, abin da ya fi ƙarfinsu ya saura. Ta sa shi ya maimaita har sau huɗu, ya kuwa maimaita, har ruwan alwalarmu ya kusa ƙarewa. A hanyar dawowa ya tsaya bakin wata gona, ya yi sallama da mai ita, aka nuna mata gero da dawa da maiwa kowanne a tsaye a kan karansa.

Tun daga ranar abin ya zama al'adar gidanmu, Asabar ɗaya a wata in hali ya yi. Da rani fadamar Gulbin Sakkwato muke nufa, gulbin da ya ratsa ta Gusau ya gangara Bungudu, har ya kai madatsar Bakalori. Can yaran suka ga yadda injin ban ruwa ke jan ruwa ya bi lambatu, suka ga albasa a cikin ƙasa da tumatir a jikin uwarsa, suka sha rake da aka sara a gabansu. Ba ya barin su shiga ruwa ko da sun yi kuka. Ya nuna masu dodon koɗi a bakin wani kududdufi, ya ce a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya, ciwon da ke sa yaro fitsarin jini. Ya kuma ba su labarin yadda madatsar ruwan Gusau ta ɓalle a ƙarshen daminar 2006 ta ci rayuka da gidaje, domin su san gulbin da suke gani shiru-shiru da rani yana da wata fuskar.

Sun san gawo yanzu, itacen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke tsiro, ya yi kore shar da rani, abin da ya sa manomi ke barin sa a tsakiyar gona ba ya tsoron inuwarsa ta danne shuka. Sun san in shamuwa ta iso damina ta kusa. Sun bambanta kanya da ɗinya, magarya da aduwa, goruba da giginya. Wani mai karatu zai ce mene ne abin burgewa a nan, ai kowane yaron ƙauye ya san waɗannan. Gaskiya ne. Sai dai ina roƙon mai karatun da ke zaune a Samaru ko Tudun Wada ko Unguwar Gwaza ya gwada nasa yaran a daren yau, ya ga guda nawa za su iya kawowa.

Yabon nawa bai tsaya ga ilimin ba, ya haɗa da wahalar da ke tare da shi. Duk wadda ta taɓa fita da yaro ɗan shekara 2 ta san hutu ba ya cikin tafiyar. Wannan ya gaji, wancan ƙaya ta soke shi, auta ya ɓata wando nesa da gida. A ranar fita maigidana ke ɗaukar duk wannan. Shi ke saɓa auta a wuya tun daga mota har inda za mu zauna. Shi ke cire ƙaya, shi ke raba faɗa a kan wa zai riƙe sanda. In auta ya yi kashi, shi ke ɗaukar buta ya zaga da shi bayan itace ya wanke masa, ina zaune a kan tabarma ina kallon balbelu. Na sha ganin masu wucewa suna waiwayensa, wasu da mamaki, wasu da murmushin da ba na yabo ba. Wayarsa tana aljihu, ba ya ciro ta sai don jin labarin hanya. Abincinmu kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne: dambu ko ɗanwake a kula, hoce da ƙuli-ƙuli, zoɓo, wani lokaci mu sayi nono mu dama fura.

Yanzu bari in zo ga abin da na san yana cin mai karatu tun daga farkon wannan rubutu. Ta yaya mai hankali zai kwashi iyalinsa ya fita bayan gari a Zamfara?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba zan yi mata kwana-kwana ba. Mu da ke Damba ba labari ake ba mu ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar, an dakatar da kasuwannin mako-mako, muka yi makonni ba ma jin ɗuriyar 'yan'uwanmu. A watan Afrilu na 2023 aka kwashe yara da dama a Wanzamai ta ƙaramar hukumar Tsafe, rahotanni suka ce sun kai 80, kuma itacen girki suka fita nema. A watan Satumba na wannan shekarar aka shiga Sabon Gida, maƙwabciyarmu, aka tafi da ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya fiye da 20. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa kuwa, musamman tsakanin Tsafe da iyakar Katsina, kowane direba ya san lokacin da ake bin ta da lokacin da ba a bi.

Saboda haka rabin aikin wannan uba ba a filin shan iska yake yin sa ba. Tun ranar Alhamis yake fara bugun waya: wani direban da ke lodi a tasha, wani ɗan'uwa a garin da muke son zuwa, mai lambun da za mu sauka wurinsa. Yana da ƙa'idojin da ba ya karyawa. Ba a gaya wa kowa inda za mu, har su yaran, sai mun shiga mota. Ba a fita sai hantsi ya ɗaga, hanya ta cika da motoci. Ba a zama inda ba a hangen gari ko kwalta. La'asar a gida take samun mu. Kuma in mutum ɗaya cikin waɗanda ya kira ya yi ɗan jim kafin ya amsa, tafiya ta fasu, babu jayayya. A bara tafiyar da aka fasa ta fi wadda aka yi yawa. Kwatarkwashin da muka fara da ita ma mun daɗe ba mu koma ba.

Tsafe kuwa tuni ta fita daga lissafinmu, kuma wannan yana yi masa ciwo fiye da yadda yake nunawa. Ya so ƙwarai ya kai su 'Yandoto, tsohon garin malamai da ya shahara da karatu tun kafin jihadi, garin da har yau sarkin Tsafe ke amsa sarautarsa da sunansa. Ya ba su labarin, amma labari daban, gani daban. Ni ina yarinya an sha ɗora ni a motar haya mu je biki wajen Tsafe mu dawo bayan magariba, babu wanda ya taɓa tambayar lafiyar hanya. Duniyar da 'ya'yana suka sani ba ta kai rabin wadda na sani a shekarunsu ba, alhali gidan ubana babu ko keke.

Ranar da aka fasa tafiya ce nake ƙara ganin ƙoƙarinsa. Ba ya cewa yara su koma gaban talabijin. Yakan ce to yau cikin gari za mu. Haka ya kai su tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ya nuna masu layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, ya gaya masu yadda gyaɗa da auduga da fatu suka bi ta kansa zuwa teku, da yadda zuwan jirgin ya jawo baƙi daga kudu da arewa har Gusau ta zama garin ciniki. Na tsakiya ya kwanta ya ɗora kunne a kan ƙarfen wai ko zai jiyo jirgi. Wata ranar Kanwuri ya kai su, kusa da fadar Sarkin Katsinan Gusau, ya ba su labarin Malam Sambo Ɗan Ashafa da ya kafa garin. In duk wannan bai yiwu ba, akwai wani dogon yaro a ƙarshen layinmu, can yake shimfiɗa tabarma su ƙirga gidajen tururuwa.

Surukata ce ta fara adawa da abin, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce masa, “Ɗan nan, ina za ka kai mini jikoki cikin wanga zamani?” Ya ce, “Inna, ba daji za mu ba, ga lambu nan bakin gulbi. Ki zo mu je ki gani da idonki.” Ta bi mu sau ɗaya don ta kama shi da laifi, sai ga shi ita ta zama malamar ranar. Ta nuna wa jikokinta tafasa da lalo da yaɗiya da rama, ta faɗi wanda ake miya da shi da wanda ake kwaɗo, ta tuno sunayen hakukuwan da shi kansa bai sani ba. Har yau tana faɗa in za mu fita, amma faɗan ya koma na a dawo da wuri, da na a taho mata da ganye.

Adawa ta biyu daga abokansa take. A majalisarsu sun sa masa suna mai reno, wasu na cewa Hajiya ta gama da shi, wasu na cewa kwaikwayon Turawa ne irin na 'yan boko. Wannan ta ƙarshe ita nake so in tanka. Kakanninmu ba su san wani abu wai shi yawon shan iska da yara ba, saboda ba su da buƙatarsa. Yaro na bin ubansa gona, ya bi shi kasuwa a kan jaki, ya bi shi kiwo, ya bi shi kamun kifi. A kan hanyar nan yake koyon sunan itace da gaisuwar manya da yadda ake taya kaya. Aikin ofis da zaman shago da katangar siminti su suka raba ɗa da uba. Abin da kakanninmu ke samu a ɓagas, mu sai mun ware masa rana mun zuba masa mai a mota. Su masu ganin ɗaukar yaro a wuya zubar da girma ne, sun manta da Manzon Allah (SAW) yana salla ɗauke da jikarsa Umama, sun manta da Aƙra'u ɗan Habis da ya yi tinƙaho da cewa yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu kowane ɗalibin islamiyya ya san ta. Hatta kunyar ɗan fari da muka gada, ni da nake kiyaye ta har a wannan shafi, ban ga inda ta ce uba ya zama baƙo a wurin ɗansa ba.

Likitoci ma suna tare da shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a kowace rana, kuma ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a gaban allon waya ko talabijin. A Taiwan, inda matsalar rashin hangen nesa ta yi yawa a tsakanin ɗalibai, tun 2010 hukuma ta buƙaci makarantu su riƙa fitar da yara waje minti 120 a rana, domin an gano zama a hasken rana yana kare idon yaro. Asabar ɗaya a wata ba ta biya wannan bashi, na sani. Amma na lura duk makon da ya biyo bayan fita, wasan yaran a tsakar gida yakan sauya: a haƙa lambatu, a yi gona a gwangwani, a gina Kwatarkwashi da yashi.

Akwai adawa ta uku, wadda ta fi sauran nauyi a wurina domin daga mata 'yan'uwana take fitowa. Sukan ce mu da muke wanke kashin nan sau biyar a rana, shekara da shekaru, wa ya taɓa rubuta mana shafi a jarida? Namiji ya yi sau ɗaya a wata sai a buga masa tambari? Wannan magana ba ta da makusa, kuma ba na da'awar cewa maigidana ya yi abin da ya wuce haƙƙin da ke kansa. Sai dai na zauna da mata isassu da na san abin da muke yi wa namijin da ya fara gwadawa. In ya ɗauki jariri mu ce bai iya riƙo ba. In ya sa wa yaro riga mu ce a baibai ya sa. In ya fita da su mu tare shi a ƙofa da faɗan ƙurar da suka kwaso. Sannan mu dawo muna kukan maza ba sa taimako. Ni dai na zaɓi in wanke kayan ƙurar in yi shiru, in kuma gode masa a gaban 'ya'yansa, musamman namijin, domin yana kallo.

Kuɗi ma ba ƙaramin abu ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, tafiyar da a da ba ma lissafa ta sai da ta shiga kasafin wata. Maigidana ma'aikaci ne mai jiran albashi. Na san abin da ya bari domin wannan: ya rage zuwa gidan kallon ƙwallo, ya rage tsiren dare, wasu ranakun yakan ajiye motar ya hau Keke Napep zuwa aiki don man ya kai Asabar. Bai taɓa faɗa mini ba, ni na ƙirga.

Kada kuma a ɗauka sai mai mota ke iya wannan. A bayan layinmu akwai wani kango da wani magidanci ke gadi, wanda ya baro ƙauyensu a yankin Tsafe da iyalinsa bayan an hana su noma. 'Ya'yansa sun san duk abin da nawa ke koyo, har da ƙari, amma gonar da suka koya a cikinta ta gagare su zuwa. Kusan kowace yamma nakan gan shi riƙe da hannun ƙaraminsu, suna takawa zuwa inda gine-gine suka ƙare, su tsaya suna kallon gonakin mutane, yana nuna masa wani abu da sanda. Ya shuka kuɓewa da wake a gefen kangon, ya ba kowane yaro kunyarsa. Wata Asabar da aka fasa tafiyarmu, wurinsa maigidana ya kai yaran, shi ya koya masu riƙon fartanya. In ana rabon yabon nan, kasonsa ya fi na mijina.

Abin da ya rage nawa da hukuma ne. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Gusau ta zama babban birnin jiha. A tsawon waɗannan shekaru garin ya faɗaɗa ta kowace kusurwa, mu a Damba shaida ne, amma duk sabon filin da aka yanka sai ka ga fuloti da shaguna da gidan mai, ba ka ganin inda aka bar wa yara. Wuraren wasan da na sani kaɗan ne, yawancinsu sai da kuɗin shiga, kuma da Salla suke raye. Ba lilo mai lantarki muke roƙo ba. Fili muke so mai itatuwa da famfo da ban ɗaki da mai gadi, a kowace babbar unguwa, inda talaka zai shimfiɗa tabarma ba a tambaye shi ko sisi ba. Bakin gulbi yana nan, harabar tsohuwar tashar jirgi tana nan, abin da suke buƙata shara ce da shinge da inuwa. Masu raba filaye kuma a ɗora masu sharaɗin barin fili kafin a sa masu hannu.

Game da tsaro, na san an ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairu na 2024, na kuma san sojoji da 'yan sanda da askarawan suna rasa rayukansu a kan wannan hanya tamu, Allah ya jiƙansu. Amma in jami'an gwamnati suna son sanin ko aikin ya kai inda ake so, ba sai sun jira rahoto ba. Su je tashar mota su tambayi direbobin Tsafe ƙarfe nawa suke daina lodi. Su tambayi shugabannin makarantun firamare na Gusau yaushe rabon da su ɗauki ɗalibai a bas su kai su gindin dutsen Kwatarkwashi.

Kaka ta kusa, kuma ya yi wa yaran alkawarin kai su wajen Bungudu su ga yadda ake yankan dawa da ɗaurin dami, su kuma ci gyaɗa sabuwar cira. 'Yar fari ta riga ta tanadi littafinta da take manna ganye a ciki tana rubuta sunan kowanne, ta kai 17. Ko za a je ko ba za a je ba, sai abin da wayar ranar Alhamis ta ce.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.